LABARIN UWAYE MASU TAURARON ZINARIYA

Kai mai karatu, in ka ji ana ba da labarin yaƙi, sunan wa ka kan ji? Ka kan ji sunan sarakuna, da manyan hafsoshi, da garuruwan da aka ci. Ba safai a kan ambaci tsohuwar da aka bari a gida tana sauraron ƙafar masinja ba. To, cikin wannan darasi za mu bar fagen fama, mu shiga cikin gida. Zan ba ka labarin waɗansu mata na birnin Washington, babban birnin ƙasar Amurka, waɗanda yaƙi ya cinye 'ya'yansu, da abin da suka yi da baƙin cikinsu. Ka karanta a hankali, kashi kashi. A ƙarshe akwai tambayoyi, don ka gwada ko ka riƙe abin da ka karanta.

1. TUTA A BAKIN TAGA

Cikin shekara ta 1914 babban yaƙi ya tashi a ƙasashen Turai, shi ne a ke kira Yaƙin Duniya na Farko. Jamus da abokanta suna gefe guda, Ingila da Faransa da abokansu suna gefe guda. Da fari mutanen Amurka suka tsame hannunsu, suka ce ba ruwansu. Amma jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa suka dinga nutsar da jiragen fatake a teku, har abin ya ishe su. Ran 6 ga watan Afrilu, 1917, Amurka ta shiga yaƙi. Aka yi ta ɗibar samari daga birane da ƙauyuka, ana koya musu aikin soja, ana haye teku da su zuwa Faransa.

A jihar Ohio akwai wani hafsa, sunansa Kyaftin Robert Queisser, 'ya'yansa biyu suna cikin soja. Shi ne ya ƙago wata 'yar tuta don tunawa da su. Tutar fara ce, gefenta ja, a tsakiya kuwa akwai shuɗin tauraro. Tauraro ɗaya yana a madadin ɗa ɗaya. Gidan da ya ba da 'ya'ya biyu, sai ya ɗinka taurari biyu, mai uku kuma uku. A kan rataya tutar a bakin taga, wajen hanya, don mai wucewa ya gani.

Ba a daɗe ba abin ya bazu ko'ina cikin ƙasa. In ka bi titi sai ka riƙa ƙidaya taurari, ka san yawan samarin da unguwan nan ta bayar, ba sai ka tambayi kowa ba.

2. TAURARO YA SAKE LAUNI

Ananan, sai labarin mutuwa ya fara isowa daga Faransa. Al'adar Turawa ta wancan zamani, in mace ta yi rashi, sai ta sa baƙaƙen tufafi daga sama har ƙasa, wata da watanni. Shugabannin mata masu taimakon Gwamnati wajen sha'anin yaƙi suka duba, suka ga in kowace uwa ta shiga baƙi, ƙasa duka za ta zama gidan makoki, zuciyar mutane kuwa ta karye tun ba a gama yaƙi ba. Saboda haka suka ba da shawara, mace ta ɗaura baƙin ƙyalle kaɗai a damtsenta na hagu, da tauraro mai ruwan zinariya a kansa. Shugaban ƙasar na lokacin, Woodrow Wilson, ya yarda da wannan shawara cikin watan Mayu, 1918.

Haka kuma aka yi da tutar taga. In ɗa ya rasu, sai a ɗinka tauraron zinariya a bisa shuɗin. Ka lura da wannan da kyau: sau da yawa uwar ce da kanta za ta zauna da allura da zare ta yi wannan ɗinki. Tun daga sa'an nan aka fara kiran irin waɗannan mata Uwaye Masu Tauraron Zinariya.

Sa'ad da aka ajiye makamai, ran 11 ga watan Nuwamba, 1918, aka yi lissafi, sai aka tarar sojan Amurka da suka mutu sun fi 116,000. Fiye da rabinsu ba harsashi ya kashe su ba, yawanci ciwo ne, musamman annobar muran nan da ta game duniya a shekarar, wadda kakanninmu suka sa wa suna marisuwa. Amma ko harsashi ko ciwo, ga uwa duk ɗaya ne, ɗanta ya tafi bai komo ba.

3. UWAR DA TAKARDA TA YANKE MATA

A birnin Washington akwai wata mace, sunanta Grace Darling Seibold. Ita kanta 'yar soja ce, gama ubanta janar ne tun zamanin yaƙin basasar Amurka. Tana da ɗa saurayi, sunansa George, shekararsa 23 sa'ad da ya ba da kansa ga aikin soja cikin 1917. Ya roƙa a sa shi cikin matuƙan jirgin sama. A lokacin nan Amurka ba ta da isassun jirage, ba ta da isassun malaman tuƙi, don haka aka aika da shi Kanada ya koyo. Da ya ƙware aka kai shi Ingila, daga nan sai Faransa, ya zama Laftanan. Ƙungiyar jiragen da ya ke ciki ta Amurkawa ce, amma a ƙarƙashin hafsoshin Ingila ta ke aiki.

George ya kan rubuto wa iyayensa takarda a kai a kai. Uwar kuwa ba ta zauna haka kawai ba, ta kan tafi asibiti ta gai da sojan da aka komo da su da rauni.

Kwaram, sai takarda ta yanke. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, shiru. Suka tambayi ofishin soja, ba su sami amsa mai gamsarwa ba, domin yaron yana hannun Ingilishi, labarinsa ba ya biyowa ta hannun Gwamnatin ƙasarsa da sauri. Rashin sani, an ce, ya fi dare duhu. Wanda aka gaya masa ɗansa ya mutu ya san abin da zai yi wa kuka. Wanda ba a gaya masa kome ba, ba shi da ikon kuka, ba shi kuma da ikon murna.

Sai matan nan ta ƙara ƙaimi wajen zuwa asibiti. A ranta tana tsammani ko an komo da ɗanta da rauni, ba a san sunansa ba, gama a cikin masu jiyya akwai waɗanda ƙarar igwa ta taɓa hankalinsu, har ba su iya faɗin ko su wane ne. Ta bi gado gado tana duban fuskoki. Ba ta ga George ba. Abin da ta gani shi ne 'ya'yan waɗansu, kwance nesa da garinsu, ba mai zuwa gaishe su.

Daga baya aka aiko wa matar George ƙunshin kayansa, da rubutu a kai cewa kayan mamaci ne. Sa'an nan labari ya tabbata, an kashe shi cikin faɗan jiragen sama a Faransa, a watan Agusta, 1918. Ba a taɓa shaida gawarsa ba, saboda haka uwar ba ta sami ko kabarin da za ta ziyarta ba.

4. TARON MATA ASHIRIN DA BIYAR

To, malam, da kai ne, me za ka ce mata? Za ka ce ta yi haƙuri, ta koma ɗaki. Ita kuwa ta ga zaman ɗaki da baƙin ciki ba ya komo da mamaci, sai dai ya ci mai rai. Ta ci gaba da zuwa asibiti kamar dā. Abin da ya sake shi ne, dā tana neman ɗanta ne, yanzu kuwa ta ɗauki 'ya'yan da ke kwance su zama nata.

Cikin wannan zirga-zirga ta riƙa gamuwa da waɗansu mata masu tauraro irin nata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da ba ta iya gaya wa maƙwabciya, ta iya gaya wa wadda ta ɗanɗana irinsa. Suka fara taruwa, suna ta'azantar da juna, suna raba aikin gaida marasa lafiya. Shekara da shekaru suna haka, 'yar ƙungiya ce ta gari ɗaya, ba ofis, ba hatimi.

Ran 4 ga watan Yuni, 1928, mata 25 suka zauna a Washington, suka shirya su mai da abin ya zama na ƙasa duka. Ran 5 ga watan Janairu, 1929, aka yi wa ƙungiyar rajista bisa doka, da sunan Uwayen Amurka Masu Tauraron Zinariya. Grace Seibold ce ta zama shugabarta ta farko.

Manufarsu ba ta da wuyar ganewa. Na ɗaya, kada a manta da 'ya'yansu. Na biyu, su taimaki sojan da suka komo da rai, musamman masu rauni, da iyalansu. Na uku, su riƙe juna. Daga Washington rassa suka yi ta tsira a garuruwa. Kowane reshe yana da shugaba, da magatakarda, da ma'aji, duka mata. Rassan jiha su kan haɗu, a kan kuma yi babban taro na ƙasa sau ɗaya a shekara, a zaɓi shugabanni.

Wani abu guda ya bambanta wannan ƙungiya da sauran. Kowace ƙungiya a duniya tana so ta ƙaru. Wannan kuwa ba mai so ta shiga, na ciki kuma ba su fatan a sami sabuwar shiga, gama kuɗin shigarta ran ɗa ne.

5. KABURBURA A ƘETAREN TEKU

Yanzu bari mu koma baya kaɗan, mu ga abin da aka yi da gawawwaki. Bayan yaƙi Gwamnatin Amurka ta rubuta wa dangin kowane mamaci, ta ba su zaɓi: ko a tono gawar a kawo gida da kuɗin Gwamnati, ko kuwa a bar ta a Turai, Gwamnati ta ɗauki alkawarin lura da kabarin har abada. Mafi yawa suka ce a kawo. Amma waɗansu suka ce a bar yaro inda ya faɗi, tare da abokansa. Cikinsu har da tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, wanda ɗansa Quentin, shi ma matuƙin jirgin sama, ya mutu a Faransa cikin watan Yuli, 1918.

Waɗanda aka bari a Turai sun kai wajen 30,000. Aka tattara su a maƙabartu takwas: shida a Faransa, ɗaya a Beljiyam, ɗaya a Ingila. Babbarsu ita ce ta Meuse-Argonne a Faransa, mai kaburbura fiye da 14,000, kowanne da farin dutse a kansa, an jera su sahu sahu kamar sojan da ke fareti. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, aka sassaƙa sunayensu a jikin bango.

Amma ga wahala. Mai arziki ya iya biyan kuɗin jirgi ya je ya ga kabarin ɗansa. Matar manomi fa, wadda ba ta taɓa ganin teku ba? Tun cikin 1919 wani ɗan majalisa na New York, Fiorello La Guardia, ya kawo shawara Gwamnati ta kai iyaye. Ba a karɓa ba. Ƙungiyoyin uwaye dabam dabam, ba ta Washington kaɗai ba, suka yi ta rubuta takardu, suna zuwa gaban majalisa suna faɗin kukansu, har shekara goma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ran 2 ga watan Maris, 1929, dokar ta fito, Shugaba Calvin Coolidge ya sa hannu, saura kwana biyu ya sauka daga mulki.

6. TAFIYAR ZIYARA

Dokar ta ce Gwamnati za ta kai uwayen sojan da ke kwance a Turai, da matan aurensu waɗanda ba su sake aure ba. Aka ware fiye da dala miliyan 5. Ba a ce mace ta biya ko anini ba: kuɗin jirgin ƙasa daga garinta, da masauki, da abinci, da jirgin ruwa, duka a wuyan Gwamnati. Aka danƙa shirin tafiyar ga hafsoshin da ke lura da guzurin soja.

Don kada wata jiha ta ce an yi son kai, aka jefa ƙuri'a. Matar sabon shugaban ƙasa, Herbert Hoover, ita ce ta zaro sunayen jihohi ɗaya ɗaya, jihar Nebraska ta fito ta fari. Ayari na farko ya tashi cikin watan Mayu, 1930, a wani jirgin ruwa mai suna America. Aka yi ta kai ayari bayan ayari, kowace bazara, har watan Agusta, 1933. Matan da suka cancanta sun fi 17,000, waɗanda suka tafi kuwa 6,654 ne. Waɗansu tsufa ya hana su, waɗansu ciwo, waɗansu kuma sun riga mu gidan gaskiya tun ana gardama a majalisa.

Yawancin matafiyan tsofaffi ne, saboda haka aka haɗa su da likitoci da masu jiyya. Su kan yi mako biyu a Turai. Masu zuwa Faransa a kan sauke su a Paris tukuna, su kai furanni ga kabarin sojan Faransa wanda ba a san sunansa ba. Sa'an nan a rarraba su cikin motoci, kowa a nufi maƙabartar da ɗanta ya ke. In an isa, sai a raka mace har gaban dutsen, a ba ta furanni ta ajiye, a ɗauki hotonta a wurin don ta kai gida.

Ka tuna, shekara goma sha biyu ko fi ke nan da rasuwar yaran. Duk wannan lokaci abin da uwa ta ke da shi takardar waya ce kurum. Ran nan ta ga sunan da ta raɗa masa a rubuce a dutse, ta taɓa shi da hannunta. Gani ya kori ji.

7. JIRGI BIYU

Da a ce labarin ya tsaya nan, da sai mu ce madalla. Amma mai ba da tarihi ba ya ɓoye abin kunya.

Cikin sojan da Amurka ta kai Faransa akwai baƙaƙen fata wajen 200,000, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Waɗansu sun yi faɗa, da yawa kuma an sa su aikin ƙarfi, har da aikin tono gawawwaki da binne su a sababbin maƙabartun nan. A zamanin nan kuwa al'adar Amurka, da dokar jihohi da yawa, ta raba farare da baƙaƙe a makaranta, da jirgin ƙasa, da masauki.

Sa'ad da aka zo shirin ziyara, ofishin yaƙi ya ce uwaye baƙaƙe za su yi tafiyarsu dabam. Farare aka sa su cikin manyan jiragen fasinja. Baƙaƙe aka sa su cikin ƙananan jirage masu ɗaukar kaya da fasinja tare, masaukinsu a New York kuma dabam.

Mata 55 suka sa hannu a takardar kuka zuwa ga Shugaba Hoover. Ma'anar kukansu ita ce: sa'ad da ƙasa ta nemi 'ya'yansu sun bayar ba gardama, yaran kuwa sun mutu kamar yadda 'ya'yan kowa suka mutu, don me za a ware uwayensu a kan hanyar kabari? Gwamnati ba ta sake shawara ba.

Nan fa kowace uwa ta shiga tsaka mai wuya. In ta tafi, ta yarda da wulakanci. In ta ƙi, ba za ta ga kabarin ɗanta ba har ta mutu, gama ba ta da kuɗin zuwa da kanta. Waɗansu suka ƙi, suka zauna. Waɗansu suka haɗiye, suka tafi. Kai mai karatu, kada ka yi saurin yanke wa ɗaya daga cikinsu hukunci, mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Hafsan da ya raka waɗansu daga ayarin nan shi ne Kanar Benjamin Davis, wanda cikin 1940 ya zama baƙin mutum na farko da ya kai janar a sojan Amurka. Sai cikin 1948 aka ba da umurnin hana wariya a cikin soja.

8. YAƘI YA SAKE KOMOWA

Cikin 1936 majalisar Amurka ta tsai da ranar Lahadi ta ƙarshe a watan Satumba ta zama Ranar Uwaye Masu Tauraron Zinariya. Har wa yau ana kiyaye ta kowace shekara.

Matan da suka kafa ƙungiyar sun zaci su ne na ƙarshe, in sun mutu ita ma ta mutu. Ba haka ya zama ba. Cikin watan Disamba, 1941, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, tutoci suka komo bakin taga. Wannan karo sojanta fiye da 400,000 suka mutu. Ƙungiyar ta buɗe ƙofa ga sababbin uwaye.

A garin Waterloo na jihar Iowa akwai wani gida, gidan Sullivan, mai taurari biyar a tuta ɗaya. 'Yan'uwa biyar ne, uwa ɗaya uba ɗaya, suka shiga sojan ruwa, suka roƙa kada a raba su. Aka sa su jirgi guda, mai suna Juneau. Ran 13 ga watan Nuwamba, 1942, jirgin Japan na ƙarƙashin ruwa ya harbe shi kusa da tsibirin Guadalcanal. Ba wanda ya komo cikin su biyar. Uwarsu, Alleta Sullivan, a bakin mutane ta fara jin jita-jita, har ta rubuta wa ofishin sojan ruwa tana roƙo a gaya mata gaskiya. Cikin 1943 aka ƙera sabon jirgin yaƙi aka sa masa sunan 'ya'yanta, ita ce kuma aka kira ta ƙaddamar da shi.

Cikin 1947 majalisa ta yi doka a riƙa ba dangin mamaci wani ɗan maɓalli mai tauraron zinariya, su maƙala a riga. Bayan wannan aka yi yaƙin Koriya, inda Amurkawa fiye da 36,000 suka mutu, da na Biyetnam, fiye da 58,000. Kowane yaƙi ya kawo wa ƙungiyar waɗanda ba ta roƙa ba. Cikin 1984 majalisar ƙasa ta ba ta takardar amincewa ta musamman.

9. ƘOFAR DA AKA RUFE, AKA KUMA BUƊE

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙungiyar ita ma tana da nata tudu. Tun farko dokarta ta ce ba mai shiga sai 'yar ƙasar Amurka. Shekaru da yawa ba wanda ya kula da wannan sharaɗi.

Cikin 2004 aka kashe wani saje na sojan Amurka a Afganistan. Uwarsa mutuniyar ƙasar Filifin ce, ta yi fiye da shekara ashirin tana zaune a jihar New York bisa izni, amma ba ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa ba. Da aka nema mata shiga ƙungiyar, sai shugabanni suka duba doka, suka ce a'a. Magana ta fita cikin jaridu. Tsofaffin soja da 'yan majalisa suka yi ta faɗa, waɗansu daga cikin uwayen ƙungiyar kuma suka ce ba da yawunsu ba. Tambayar da aka yi ita ce wadda mata 55 ɗin nan suka yi shekara saba'in da biyar da suka wuce: in an karɓi ran ɗa, da wane dalili za a ƙi uwarsa?

Wannan karo amsar ta sake. Cikin watan Yuni, 2005, ƙungiyar ta gyara dokarta, ta yarda da uwayen da ba 'yan ƙasa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ƙungiyar tana nan har yanzu, babban ofishinta yana Washington inda aka fara. Ran taro za ka gane su da fararen tufafi, ba baƙaƙe ba. Su kan kai furanni babbar maƙabartar soja ta Arlington. Amma yawancin aikinsu ba a gaban jama'a a ke yinsa ba. Shi ne dai aikin da Grace Seibold ta fara: zuwa asibitin tsofaffin soja, da zama kusa da mara lafiya, da neman uwar da ta yi sabon rashi a riƙe hannunta.

10. ABIN DA ZA KA RIƘE

Yaƙe-yaƙen nan biyu na duniya ba su tsallake ƙasarmu ba. Sojan Nijeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, sun yi yaƙi a Kamaru da Afirka ta Gabas a na farko, a na biyu kuma har Bama. Waɗanda suka kwanta can, akwai sunayen da yawansu a jikin dutse kusa da birnin Rangun. Su ma uwaye suka haife su. Saboda haka labarin nan ba na nesa ba ne kamar yadda ka zata.

Abu biyu na ke so ka ɗauka. Na fari, matan nan ba su warke don sun manta ba. Sun sami sauƙi ne domin sun juya ƙaunar da ba ta da wurin zuwa, suka zuba ta kan masu rai. Na biyu, sau biyu cikin wannan labari aka auna uwa da launin fatarta ko da takardarta, sau biyu kuma abin ya zama abin kunya ga masu aunawa.

Kai kuma yanzu Allah ya ba ka karatu da rubutu. In akwai tsohuwa a unguwarku wadda ɗanta ya tafi aikin soja bai komo ba, kada ka jira sai an kafa ƙungiya. Je ka gaishe ta, gama zumunta a ƙafa ta ke. In tana da takarda, karanta mata. In tana da haƙƙi a ofis, rubuta mata. Ka kuma tambaye ta sunan ɗan, da shekarar da ya tafi, ka rubuta ka ajiye.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin shuɗin tauraro da tauraron zinariya?
2. Don me iyayen George Seibold suka daɗe ba su ji labarinsa ba?
3. Mata nawa suka zauna ran 4 ga watan Yuni, 1928, a wane gari kuma?
4. Wane zaɓi Gwamnati ta ba dangin mamata bayan yaƙi?
5. Da kai ne ɗan'uwan ɗaya daga cikin mata 55 ɗin nan, wace shawara za ka ba ta, ta tafi ko ta zauna? Faɗi dalilinka.
6. Wace doka ƙungiyar ta gyara cikin 2005?
7. Ɗauki alƙalami ka rubuta takardar ta'aziyya, layi biyar, zuwa ga uwar da ta rasa ɗanta. In ka gama, karanta wa abokan karatunka su ji.